Kwana biyar a tsohon ɗakin ƙasa: Rumsiki ko Pus, kuma me ake dubawa kafin a biya?

Ɗan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hutun makaranta na ƙarshen Disamba ya kusa, ina so in fitar da iyali daga Garwa mu yi kamar kwana biyar a ƙauye. Ba otal nake nema ba. So nake mu sauka a tsohon gida na ainihi, ɗakin ƙasa mai jinka, irin wanda yaran yanzu ba su taɓa kwana a ciki ba. Mu shida ne: ni da maiɗakina, yara uku, ƙaraminsu shekararsa 4, sai Hajiya mahaifiyata wadda gwiwa ke damunta.

Wurare biyu ake ta ambata mini, Rumsiki a duwatsun Kapsiki, da Pus a bakin kogin Logon inda ake da ɗakunan Musgum masu tsini. Wanne ya fi dacewa da mu? Idan an nuna mini ɗaki, ta yaya zan gane lafiyayye ne ba wanda aka shafe da fenti don ido ba? Sai batun ruwa da hanya da tsaro. Don Allah wanda ya san abin ya yi mini dalla-dalla.

Magini_Marwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zaɓen gari na bar wa direbobi. Ni kan ɗakin zan tsaya, domin ɗakin ƙasa ba a auna shi da shekarunsa, ana auna shi da ranar da aka yi masa yaɓe da baibaya na ƙarshe. Akwai mai shekara 60 da ya fi mai shekara 6 lafiya. Saboda haka tambayarka ta farko ga mai gida ita ce: yaushe aka taɓa jinkar nan, yaushe aka yi yaɓen bayan damina? In ya fara kame-kame, ka riga ka samu amsa.

Ka je duba ɗakin da rana tsaka, ba da yamma ba. Shiga, ja ƙofa, ka tsaya idonka ya saba da duhu, sannan ka ɗaga kai. Duk inda haske ya ɓullo kamar tauraro, nan bunu ya ci. A Disamba ba ruwan sama za ka ji tsoro ba, ƙurar hunturu ce da sanyin asuba za su riƙa zubo muku ta nan. Jinkar ciyawa a ƙasarmu, in ta kai shekara biyu zuwa uku, tana neman a sake mata baibaya. Sabuwa launinta rawaya ne kuma tana ƙamshin ciyawa. Tsohuwa ta yi baƙi-baƙi, in ka murza ta a hannu sai ta dagargaje.

Daga nan ka ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa itacen da ke riƙe da jinkar, musamman inda kansa ya zauna a kan bango. Itace mai lafiya ƙara yake yi. Wanda gara ta cinye cikinsa sai ka ji bus, wani lokaci ma sandar ta shige. Ka nemi siririn layin ƙasa da ya hau bango daga gindi zuwa sama, wannan hanyar gara ce. Ka fasa shi kaɗan da yatsa, ka dawo bayan awa biyu ko washegari. In an ɗinke, garar tana nan da rai. Garin itace mai laushi a ƙasa ƙarƙashin azara kuwa aikin ƙwaron da ke huda itace ne. Azarar giginya ta fi sauran jurewa, shi ya sa tsofaffin magina ba sa musanya ta.

Yanzu bango. Ciwon ginin ƙasa daga ƙafa yake farawa. Ruwan da ke zuba daga bakin jinka yana dukan ƙasa ya fantsamo, shekara bayan shekara yana zaizaye gindin. Zagaya ɗakin ta waje, ka duba daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. In gindin ya shige ciki har tafin hannunka na iya kwanciya a ramin, ginin yana tsaye ne a kan abin da bai kai kaurinsa ba. Bakin jinka mai kyau yana fitowa aƙalla kamu ɗaya daga bango, kuma ƙasar da ke kewaye tana gangarewa waje, ba ta tara ruwa a gindi. A Rumsiki galibi za ka tarar an ɗora ginin a kan dutse ko an fara da jeren duwatsu, wannan ya rage matsalar sosai. A bakin Logon babu dutse, laka ce a kan laka, nan ne za ka fi zuba ido.

Tsaga iri biyu ce. Siraran da suka yi kamar tafin ƙafar da ta sha hunturu, na yaɓe ne kawai, ba komai. Wadda za ka guda ita ce wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ko wadda ta fi faɗi a sama, yatsa yana shiga. Wannan bango ne ke buɗewa. Kada ka kwantar da yara a nan ko da kyauta aka ba ka.

Abin da ya fi yaudarar baƙo shi ne siminti. Masu masauki da yawa suna shafe bangon ƙasa da siminti su bi da fenti, su ce an gyara. Ƙasa tana shan danshi tana fitar da shi. Siminti yana rufe mata hanci, danshin ya taru a bayansa, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, kuma siminti da ƙasa ba sa miƙewa da motsewa tare idan zafi ya canza, sai su rabu. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa. In ka ji kamar ganga, simintin ya riga ya saki bango, kuma wannan ratar ita ce gidan kunama da kyankyaso. Yaɓen laka da aka cuɗa da ciyawa da kashin shanu, ko makuba ta ɓawon ɗorawa inda ake samu, shi ne abin da ya dace da ginin. Simintin daɓe a ƙasan ɗaki ba ni da ja da shi, yana sauƙaƙa shara. Na bango ne matsala.

Haka kwanon rufi. In an cire jinka an sa langa-langa babu silin, an kashe amfanin ɗakin. Bango mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa ciki sai bayan awa takwas zuwa goma. Da hunturu wannan alheri ne: da rana ciki da sanyi, da dare bango na ɗumama ku. Kwano kuwa da rana yana gasa ku, da dare ya saki ɗumin nan take. Wasu suna sa kwano a ƙasa su baibaye samansa da ciyawa, wannan ba laifi. Wannan lissafin ne kuma ya sa ba a zuwa irin wannan hutu a Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. A lokacin bango na sakin zafinsa da tsakar dare, masu gidan da kansu a tsakar gida suke kwana. Disamba da ka zaɓa daidai ne.

Ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, ka sa a buɗe shi kwana biyu kafin ku iso, a share, a kakkaɓe jinka ta ciki, a fitar da katifa rana. Ka ɗaga katifar ka duba ɗinkin gefenta, ɗigo-ɗigo baƙi alamar kuɗin cizo ne. Warin jemage ba ya ɓuya, in ka ji shi ka nemi wani ɗakin. Ga Hajiya kuma, ka lura da dangaramar bakin ƙofa da gajartar ƙofar, tsofaffin ɗakuna sai an sunkuya an ɗaga ƙafa lokaci guda. Ku shida ɗaki biyu kuke bukata, zagayayyen ɗaki mai faɗin mita 3 zuwa 4 ba ya ɗaukar fiye da gado biyu.

Direban Mokolo ya amsa:

Alhaji, magini ya gama da ɗaki, ga hanya. Daga Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 210 ne. Marwa zuwa Mokolo kamar 80 a kan kwalta. Mokolo zuwa Rumsiki kamar 55, kuma a nan aikin yake: hanyar ƙasa ce mai dutse da gargada, ka ware mata awa biyu ko fiye, kada ka yi lissafi da kilomita. Akwai ta kudu wadda ke bi ta Durbe da Burha, a taswira ta fi kusa da Garwa, amma da tsohuwa da yara a mota ni ta Mokolo zan ce, don ta fi jama'a, in mota ta tsaya ana samun taimako. Mota mai tsayin ƙasa ake so. Ƙaramar mota tana zuwa da rani, sai dai duwatsu na dukan cikinta, abin da ya fi fashewa kaskon baƙin mai ne da bututun hayaƙi. Ka cika tanki a Mokolo, ka ɗauki tayar safaya mai kyau, biyu in da hali, da jak da famfon iska. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko datti, in dole ta sa, a tace shi da ƙyalle.

Ka tashi Garwa bayan sallar asuba, ka ci abinci a Marwa, ka bar Mokolo kafin ƙarfe 2. In ka makara, ka kwana Mokolo. Ba a bin wannan hanyar da dare.

Batun tsaro ba zan ɓoye maka ba. Rumsiki tana kamar kilomita 3 daga iyakar Najeriya, kuma tana cikin Mayo-Tsanaga. Tun da aka sace wani iyali 'yan Faransa kusa da Waza a Fabrairun 2013, baƙi suka ragu ƙwarai a duk yankin Arewa Mai Nisa. Hare-haren Boko Haram sun fi yawa a arewacin Mokolo, wajen Turu da Mozogo, da ɓangaren Mora da Kolofata. Rumsiki kudu take da Mokolo, amma wannan ba takardar lamuni ba ce. Labarin wata uku da suka wuce ba shi da amfani. Kwana biyu kafin tafiya ka kira mai masaukin, ka kuma tambayi direbobin tashar Mokolo, in ka iso ka leƙa ofishin jandarma a Mokolo ko Mogode ka ji ta bakinsu. In suka ce a dakata, ka dakata. Katin ɗan ƙasa na kowane babba, takardun haihuwar yara, da takardun mota cikakku su kasance a hannu, shingaye suna da yawa. Kada ka ɗauki hoton shinge ko soja. Kada kuma ɗan rakiya ya ja ku gangaren kwari zuwa ɓangaren Najeriya don a ce an taka ƙasa biyu.

Masauki a can iri biyu ne. Akwai bukaru, zagayayyun ɗakuna masu jinka da aka gina don baƙi, wasu da makewayi a ciki. Akwai kuma sauka a gidan mutanen gari, wanda shi ne tsohon gini na ainihi: katangar dutse, ƙananan ɗakuna, rumbuna a tsakiya. Da gwiwar Hajiya, bukaru mai makewayin zama ya fi, ku riƙa shiga tsofaffin gidajen da rana. In kun nace sai gidan gari, ku bi ta hannun lawan ko jauro, wato masu gari, a kai gaisuwa da goro da sukari da ganyen shayi. Fulatanci yana yi a ko'ina, Faransanci ma, Hausa kuma ana ji a kasuwa saboda kusancin iyaka. Kapsikawa da Higi na wajen Michika al'umma ɗaya ce, iyaka ce ta raba su.

A yi ciniki a gama kafin a sauke kaya: kuɗin ɗaki na kowane dare ne ko na kowane mutum, ruwa na ciki ko a'a, wa zai sayi man janareta kuma ƙarfe nawa ake kashe shi, nawa ne na ɗan rakiya a rana. Rigimar ranar tafiya kusan duk daga waɗannan huɗun take fitowa. Kada ka tura kuɗin kwana biyar ta Orange Money ko MoMo tun ba ka ga ɗaki ba, na dare ɗaya ya isa kafin alƙalami. Ka zo da tsabar kuɗi ƙanana, 'yan 500 da 1,000 da 2,000, takardar 10,000 ba ta da canji a ƙauye. Layin waya yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma wayar ta kama layin Najeriya ta cinye maka kuɗi, don haka ka kashe zaɓen layi na kai-tsaye ka zaɓa da hannu.

Ka daidaita kwanakinka da kasuwanni: Mokolo Laraba, Mogode Juma'a, Rumsiki Lahadi. Nan za ka samu nama da kayan miya, ka ga masaƙa da masu tukwane da maƙeran tagulla. Rumsiki gari ne mai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, ana dafa bilbil, wato giyar dawa, a gidaje da dama, saboda haka nama ka saya wurin mahauci Musulmi ko ka sayi kaza ka yanka da kanka. Za a yi maka tayin zuwa wurin boka mai duba da ƙaguwa, shi ne abin da Turawa suka fi sani da garin. Ka ce na gode, ba wanda zai tilasta. Dutsen Zibi daga bakin gari ake ganinsa, Hajiya ba sai ta taka ko'ina ba. Kallonsa ya fi kyau da sassafe, domin ƙurar hunturu takan rufe shi da rana.

Bakin Logon ya amsa:

Malam Ɗan Garwa, bari in gyara wani abu kafin ka yi nisa da zato. Ɗakin Musgum mai tsini, wanda su suke kira tolek, yau ba ɗakin haya ba ne da za ka tarar a jere. Ginin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, mutane suka koma ɗaki mai jinka da na kwano, sai a shekarun 1990 aka sake tayar da sana'ar, aka gina waɗanda ake nunawa a Murla kusa da Pus. Yawancin waɗanda za ka gani na nuni ne da taron al'ada. Tsarin da ke aiki shi ne a kwana a Maga, garin da ke kusa da Pus, a je Pus da Murla da rana. In kwana a ciki ne muradinka, sai ka nemi izinin masu kula da wurin ta hanyar fadar sarkin Pus, ka kuma shirya zuwa da shimfiɗarka da komai naka.

Amma ganinsa ya cancanci tafiyar. Babu azara, babu itace ko ɗaya, babu tubali. Laka ce da ciyawa ake ɗorawa zobe-zobe da hannu, a bar kowane ya sha iska kafin a ɗora na gaba, bango na da kauri a gindi yana sirancewa yana tanƙwarowa har ya haɗe a sama. Manyan sukan kai mita 9. Tudun da aka jera a jikinsa kamar zanen ado, aiki biyu suke yi: su ne matakalar da magini ke hawa lokacin gini da lokacin yaɓe, su ne kuma ke rarraba ruwan sama kada ya haƙa hanya ɗaya. A ƙoli akwai rami na fitar hayaƙi da zafi, da marfin da ake rufewa in hadari ya taso. Ƙofar ƙunci ce a ƙasa, faɗi a wajen kafaɗa. Ka hana yara hawa, tudun na karyewa kuma gyaransa ba na kowa ba ne.

Ni a ganina, don Hajiya, nan ya fi Rumsiki sauƙi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, babu hawa. Hanya daga Marwa ta Bogo da Girbidik zuwa Maga kamar kilomita 80 ce, Pus kuma 'yar tafiya ce gaba. Kasuwar Pus ranar Talata take ci, mutanen Chadi suna haurowa da kwalekwale, akwai kifi ɗanye da banda da shinkafar Semri, kamfanin noman shinkafa na gwamnati. Kasuwar shanu ta Bogo Alhamis ce, in kun biyo ranar ku yi haƙuri da cunkoso.

Abin da direba bai da shi a dutse mu muna da shi: ruwa da sauro. Tafkin Maga, wanda aka datse a 1979 don noman shinkafa, da magudanan gonaki suna riƙe sauro har cikin rani. Ambaliya kuma ta yi ɓarna sosai a 2012 da 2022 da 2024. Duk ɗakin ƙasa da za ka sauka a wannan yankin, ka nemi layin da ruwa ya bari a bango. In akwai, ka danna ƙasa da layin da babban yatsa. Ƙasar da ta jiƙe ta bushe takan zama gari a ciki ko da fuskarta ta yi kyau. Farin gishiri-gishiri a gindin bango alamar danshi ne da ke hawa daga ƙasa. Akwai dorina a tafkin. Ba a zuwa bakin ruwa da magariba ko asuba, kuma kwalekwale sai da mai shi wanda ya san inda suke kwanciya.

Inna Nas ta amsa:

Ɗana, maza sun yi maganar bango da taya, saura abin da ke kwantar da mutane.

Na farko gawayi. Rumsiki tana kan tudu kusan mita 1,000, Garwa kuwa a kwarin Binuwai take, don haka ka sa ran dare ya fi na gida sanyi da digiri biyar ko fiye, ga iska. Za a kawo muku kaskon wuta da niyyar alheri. Ku ji ɗumi da shi a waje ko a bakin ƙofa a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi. Alamarta ciwon kai, jiri, amai da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai. Kada wani ya ce ai jinka na shaƙar iska, ɗakin da aka yi wa silin ko aka sa leda ƙarƙashin jinka ba ya fitar da komai. Janareta ma haka, nesa da taga. Bargo biyu ga kowane gado, hula da safa ga yara, man kaɗanya don leɓe da ƙafa. Kyandir da maganin sauro na ƙonawa ba sa haɗuwa da jinka da gidan sauro, ku zo da tocila da fitilar caji.

Ruwa: ku lissafa lita 20 ga kowane mutum a rana don sha da girki da alwala da wanka na tsimi. Ku shida lita 120 ke nan, jarka shida ta lita 20. A dutse ruwa yana wuya da rani, ku san wa zai ɗebo da nawa tun ranar farko. Na sha daban: kamar lita 3 ga babba. Ko ku sayo na gora a Marwa, ko ku tafasa ya yi minti ɗaya cur yana tafasa, ko ku sa ƙwayar Aquatabs, mai miligiram 67 ɗaya a lita 20 na ruwa mai haske, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi-gurɓi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a sa biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara ruwa sannan a juye shi a randar da kowa ke tsoma moɗa. Ku bar shi a jarka mai marfi. Yankin nan ya sha fama da kwalara, ba abin wasa ba ne. Ku ɗauki gishirin zawo guda goma, kowane ƙunshi a lita ɗaya, wanda ya kwana ya wuni a zubar.

Gidan sauro mai magani ku zo da naku, da igiya mita 10, domin zagayayyen ɗaki ba shi da kusurwar ɗaurawa, kuma ba a buga ƙusa a bangon mutane. A ɗaura a itacen jinka. A janye gado taƙi ɗaya daga bango, a cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa, yana tare abin da ke faɗowa daga sama ma. Takalmi a kakkaɓe kowace safiya, jaka a zuge ta a ɗora a kan kujera. Kunama ta harbi babba, galibi zafi ne. Ta harbi ɗan shekara 4, asibiti kai tsaye, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure.

In Maga kuka zaɓa, kada yara su shiga tafki ko magudanar shinkafa ko da wasa, tsargiya ta fata take shiga, sai bayan makonni a ga jini a fitsari. Zazzaɓi kuwa, ko a can ko cikin wata guda bayan dawowa, a yi gwajin jini a ranar. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a wannan lokacin na ƙura, ba a jiran gari ya waye. Babban asibiti mafi kusa da Rumsiki yana Mokolo, awa biyun nan da direba ya faɗa, saboda haka mota ta kwana da mai, hancinta na kallon hanya. Maganin Hajiya a ɗauki na kwana goma, ba biyar ba, da kujerar roba mai rami idan masai na tsugune ne.

Ɗan Garwa ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Inna da malamai. Na karkata ga kwana uku a Maga da Pus, sauran biyun Rumsiki in jandarma sun ce hanya lafiya. Tambaya ɗaya ga magini: in na tarar da gara kaɗan a ɗakin da ya yi mini, in sa a fesa magani mu shiga?

Magini_Marwa ya amsa:

A'a, Malam. Feshi na kashe waɗanda ke waje ne, gidansu yana ƙarƙashin ƙasa, kuma jinka da bangon ƙasa suna riƙe warin kwanaki, yara ne za su shaƙa. Abin dubawa shi ne inda garar ta kai. In layinta a bango kawai yake, itacen sama kuma yana ƙara in an buga, a kankare layin, a zuba toka a gindin, ku ɗaga jakunkuna da tabarmi daga ƙasa da dare, kwana biyu ba za ta yi muku komai ba. In ta kai kan itacen da ke ɗauke da jinka, ko sanda ta shige ko da a guda ɗaya, a ba ku wani ɗakin. Ka kuma fara da Maga ranar Litinin don Talata ta same ku a Pus, ku kwana Marwa ranar Alhamis, Juma'a da hantsi kuna Mogode kasuwa na ci.